Labulen Tumaki Casa'in da Tara

Da sunan Allah, wanda ya shimfiɗa ƙasa ba tare da wadari ba, ya rataye sama ba tare da igiya ba, ya kuma saƙa jijiyoyin ɗan Adam a inda ido ba ya kai. Bayan haka, ni ne Arzika ɗan Shekarau, masaƙi ɗan masaƙi, mutumin Rumfar Tsamiya. Kun daɗe kuna damuna da tambaya, wai me ya sa masaƙata take da mazauni biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, alhali ba mai hawa na saman sai kaji. To, yau ku gyara zama. Da ma don Inna Delu na kame bakina, ita kuwa jiya aka yi sadakar arba'in ɗinta.

Inna Delu ba ita ta haife ni ba. Uwata ta rasu ina jariri, Inna ta ɗauke ni ta haɗa ni da ɗanta Jatau. Nono ɗaya muka sha, tabarma ɗaya muka jiƙa, in ɗaya ya yi ɓarna mu biyu ake zanewa don kada mai laifin ya kuɓuce. Da muka tasa, ni na gaji ƙoshiyar saƙar babana, Jatau kuma yana yi mini wadari, wato shi ke kai da kawowa a rana yana jera zaren da zan saƙa. Allah ya ba shi murya. In yana wadari yana waƙa, matan da suka fito ɗiban ruwa sai tulu ya cika ya zube ba su sani ba. Amma in zane ya yi kyau, cewa ake yi Arzika ya iya. Ban taɓa jin an ce Jatau ya iya ba, kuma ban taɓa lura da cewa ba a faɗa ba.

Wata shekara wani falke ya sauka a zauren babana, ya fito da wani ƙyallen alharini da bai fi tafin hannu ba. A jikinsa akwai hannun mace riƙe da ƙafar jariri. Ba zanawa aka yi ba, ba ɗinki ba ne, saƙa ce, kuma yatsun jaririn biyar sun fito har da farce. Babana, wanda ya shekara arba'in yana saƙa zanen tsamiya ana yi masa kirari, ya juya ƙyallen, ya sansana shi. Can ya ce, "Ashe mu duk tabarma muke saƙawa."

Falken ya ce daga jikin labulen wata majami'ar Kiristoci ya fito, a Birnin Marzana, bayan Rairayi Mai Numfashi, kuma matar Maryamu ce da ɗanta. Tun daga ranar ƙoshiyata ta fita a raina. Na rantse sai na je na koyo wannan saƙa na kawo ta gida. Jatau ya ce in na tafi ni kaɗai wa zai riƙa tashina da safe.

Ranar tafiya Inna ta ba kowannenmu gwado, ta tsaya a bakin ƙofa ta kama wuyan rigata. "Arzika, kai ne babba, ko da kwana arba'in ne. A hannunka na sa shi. Ku biyu kuka fita ta ƙofar nan, ku biyu nake so in gani."

Na ce, "Inna, in na dawo babu shi, kada ki ba ni ruwa."

Muka yi wata biyar muna tafiya, muka wuce garuruwan da ake jin harshenmu, muka wuce waɗanda ake jin rabinsa, har muka iso Rairayi Mai Numfashi. Ƙasa ce fara fat, tana kumbura tana sauka kamar cikin mai barci, kuma duk abin da ya ɗora mata ƙafa sai ta haɗiye shi. A bakinta muka ga kan raƙumi ya leƙo, sauran jikin yana ciki. Muna zaune muna shawarar komawa sai iska ta faɗo da wani faffaɗan ganye a kai, muka ga bai nutse ba. Nan dabara ta zo. Muka shimfiɗa gwado ɗaya muka hau, muka jefa na biyu gaba muka koma kansa, muka jawo na baya. Haka muka yi ta rarrafe har kwana uku, tafiyar da mutum ɗaya ba zai iya ba, don dole wani ya danne wani ya jefa.

A rana ta uku ƙasar ta yi wata irin ajiyar zuciya, gwadon ya karkace, na zame. Kafin in yi salati na nutse har ƙirji. Jatau ya cillo mini bakin gwado, amma gumi ya sa yana sulɓe masa a hannu, sai ya sa haƙora ya cije shi, ya yi ta ja da baya yana gurnani. Na ji ƙas, kuma na ji na fito. Da na dube shi, jini ya wanke masa haɓa, haƙorinsa na gaba ya karye rabi. Ya tofar, ya yi dariya ya ce, "Ka ci mini haƙori, Arzika. Yanzu wace budurwa za ta dube ni?" Na rungume shi ina kuka, na ce har in mutu ba zan manta da wannan giɓi ba. Wannan magana kam na cika ta.

Bayan rairayin akwai dutse mai hanyoyi bakwai, shida a rami suke ƙarewa. A kan dutsen wasu tsuntsaye ke zaune masu girman akuya, ba sa cin nama, ba sa cin hatsi a idonmu, zare kawai suke sata. Suka far mana, kafin mu ankara sun warware rawanina sun bar ni da kai tsirara. Muka tsunduma cikin taɓo muka shafe tufafinmu da laka, sannan suka ƙyale mu. Muna kwance muna bushewa kamar tubali, na ɗaga ido na ga sheƙarsu tana walƙiya, ja da kore da ruwan zinariya. Alharini ne. Na ce wa Jatau, inda suke satowa can muke nema. Da gari ya waye muka ƙyale masu dawowa da zare a baki, muka bi ƙarƙashin masu fita baki wofi, suka kai mu hanya ta huɗu.

Da hantsi muka ji ƙararrawa, muka hango Birnin Marzana. Itatuwa sun kewaye shi, tsutsar alharini tana cin ganyensu, ƙarar cinta kamar yayyafi a kan rufin ciyawa. Masu gadi suka ga hannuwanmu na masaƙa ne, suka wuce da mu ta cikin babbar majami'a. Jama'a, na shiga da ƙafafuna, amma da ƙyar suka fitar da ni. Labule ne tun daga rufi har ƙasa. Ga Maryamu da jaririnta a wurin cin dabbobi, sa da jaki suna hura masa numfashi, har tururin bakinsu an saƙa. Ga mala'iku da fukafukan zaren zinariya. Ga wani bawan Allah a ramin zakuna, zakunan sun kwanta suna hamma. Ga gicciye, inabi ya naɗe shi, 'ya'yan sun nuna har yawuna ya tsinke. A ƙasan labulen Maryamu na ga faci daidai tafin hannu, na gane inda ƙyallen falke ya fito.

Shugabar gidan saƙa wata tsohuwa ce, Uwa Tabita, 'yar ƙarama, idanunta sun yi hazo, amma yatsunta suna gani fiye da idon mutum goma. Ta shafa tafin hannuna ta ce na ƙoshiya ne. Ta sa Jatau ya yi magana, ta ce wannan na igiya ne. Da muka fara jin harshensu na ce mata mu Musulmi ne, ba za mu bar salla ba.

Ta ce, "Ban ce ka bari ba, ɗana. Fuskokin tsarkaka da ma ba a ba baƙo, ni nake saƙa su da hannuna. Ku naku tumaki ne da ciyawa da inabi." Na ji sanyi a raina, don da ma abin yana damuna.

Masaƙar Marzana hawa biyu ce. A sama mai igiya ke zama da ɗaruruwan igiyoyi a gabansa, yana rera waƙa, kowane baiti yana gaya masa waɗanda zai ja. In ya ja, zare ya buɗe baki, na ƙasa ya jefa ƙoshiya ya amsa waƙar. Kowa rabinsa ake koya masa, a ɗaki dabam. A kife ake saƙar, fuskar tana kallon ƙasa, kuma abin da aka gama naɗe shi ake yi a jikin gungume, ba a warwarewa sai ranar Idinsu. Mai ƙoshiya ba ya taɓa komai da hannu sai alharini, don kada maiƙo ya ɓata shi. Saboda haka ake rataye masa curin kakin zuma kusa da baki. In ya gama siffa ɗaya, sai ya gatsi kakin ya tofa a ƙwarya. Da haka yake sanin ƙirgarsa, kuma ƙirga aikinsa ne shi kaɗai.

Uwa Tabita ta gaya mana dokar gidan tun ranar farko. Abokan masaƙa mutum ɗaya ne, inda mai ƙoshiya ya nufa nan mai igiya zai bi. In suka saƙa labule ba aibi, sai a sallame su da sana'ar, har da ƙwan tsutsa a gora. Aibi kaɗai ke raba su. Wanda ya yi kuskure, a ɗaure masa ido a sa shi a jirgin ruwa, ba zai sake ganin Marzana ba, ɗayan kuma ya zauna. Wanda kuwa ya ɓata da gangan, a fitar da shi ta Ƙofar Rairayi shi kaɗai, ba gwado ba tabarma. Ni dai abu ɗaya na riƙe: labule ɗaya ba aibi, mu koma wa Inna mu biyu da sana'a a hannu.

Shekara bakwai muka yi muna koyo. Ni ina ƙasa, kaina a sunkuye, ba wanda ya san kamannina sai gizo-gizo. Jatau kuwa yana sama kusa da taga, muryarsa tana fita titi. Mutane suka fara taruwa a gindin bango suna saurare. Masu sayar da ɓaure suna aiko masa da na farko. Aka ɗinka masa riga mai hannun alharini, aka fara raɗe-raɗin shi zai gaji tsohon Sarkin Igiya. 'Yan matan da ya ce ba za su dube shi ba, giɓin nan ma shi suka fi so. Wallahi na yi masa murna, har tsiya nake yi masa.

Wata rana da la'asar muna cin ɓaure a inuwa, ya ce, "Arzika, da za mu yi zamanmu a nan fa?"

Na yi dariya har na ƙware. Na ce, "Kai, ɓaure ya hau maka kai. Inna fa? Gida za mu, ko da a kafaɗa zan ɗauke ka."

Shi ma ya yi dariya ya ce wasa yake. Ban sake tuna zancen ba, don ni a ganina abin da nake so shi Jatau ke so, tun muna yara haka aka saba.

A shekara ta takwas aka ba mu Labulen Makiyayi, wanda za a rataye ranar Idinsu na Tashin Almasihu. Uwa Tabita ta ba mu labarin da ke cikinsa: makiyayi ne mai tumaki ɗari, ɗaya ta ɓace, ya bar casa'in da tara a kan tudu ya tafi nemanta, ya dawo da ita a kafaɗa. Na ce, "Uwa, a garinmu makiyayin da ya bar garke don tunkiya ɗaya, korarsa za a yi."

Ta ce, "Jira ka rasa ɗaya, sannan ka zo mu yi magana."

Ita ta fara saƙa makiyayin da tunkiyar kafaɗarsa, sannan ta tashi ta ba ni wuri. Namu casa'in da tara ne, a warwatse cikin ciyawa da furanni, baitinsu iri ɗaya ana maimaitawa, sai mai ƙoshiya ya ce garke ya cika sannan mai igiya ya shiga waƙar gefe, wadda ake rufe labule da ita. Wata goma sha huɗu muka yi. Duk tunkiyar da na gama, sai in gatsi kaki in tofa. Ranar da na zazzage ƙwarya na ga casa'in da tara cif, na ɗaga kai na yi ihu, "Jatau, garke ya cika! Gida!" Ya ɗan yi jim, sannan ya shiga waƙar gefe. Ban taɓa jin muryarsa ta yi daɗi kamar ranar ba.

Da safiyar Idi majami'a ta cika maƙil. Aka warware labulen, aka ja shi sama, jama'a suka yi kabbara irin tasu. Ni kaina sai da na saki baki ina kallo, don ban taɓa ganin fuskar aikina ba. Ulun tumakin kamar ka sa hannu ka shafa. Al'adarsu ce babban limaminsu ya nuna da doguwar sanda, jama'a su ƙirga da ƙarfi. Suka ƙirga, ina bi da leɓe. Casa'in da shida, casa'in da bakwai, casa'in da takwas. Sandar ta yi ta yawo a cikin ciyawa, ba ta sami inda za ta sauka ba.

Aka sake, aka kuma sakewa. Aka kawo ƙwaryata aka zube a gaban kowa, kaki casa'in da tara. Limamin ya dubi Jatau. Jatau ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, ni igiya nake ja. Shi ya ce garke ya cika."

Gaskiya ya faɗa, ni na ce. Na ɗauka wata rana gajiya ta sa na gatsa sau biyu. Ku ji abin da na yi, ku yi mini dariya in kuna so. Na faɗi a ƙafafun Jatau a gaban dubban mutane ina kuka, ina cewa, "Ɗan'uwana, ka yafe mini, na ɗaure ka a ƙasar wasu. Me zan gaya wa Inna?" Ya ɗago ni ya rungume ni, yana bubbuga bayana yana cewa ƙaddara ce.

Jirgi sai bayan kwana tara zai tashi. Washegari da azahar Uwa Tabita ta aiko kirana. Na same ta ita kaɗai da ƙwaryar a cinya, ta jera kakin a kan tire tana bin su da yatsa. Ta ce, "Buɗe bakinka." Ta shafa haƙorana, duk lafiyayyu. Sai ta ɗauki guda ɗaya ta sa mini a tafin hannu ta rufe yatsuna a kai.

"Casa'in da takwas cizonsu sumul yake," in ji ta. "Shafa wannan."

Na shafa. A tsakiyar cizon akwai ɗan tudu, inda rabin haƙori bai kai ba. Na san wannan giɓi fiye da yadda na san fuskata. Na zauna a ƙasa ban san na zauna ba.

Ta ce, "A dokarmu ba a kama mai igiya sai da bakin abokinsa. In ka yi magana, za a wanke sunanka, a ba ka wani aboki, shi kuma ka san ƙofar da zai bi. Je ka, ka dawo mini da amsa."

Na same shi a mazauninsa na sama yana shafa wa igiyoyi mai. Na buɗe hannuna a gabansa. Ya duba, bai ko yi ƙoƙarin musu ba.

Na ce, "Da haƙorin nan, Jatau? Duk haƙoran bakinka, da wannan?"

Ya ce, "Na ce maka mu zauna, ka yi dariya."

"Sai ka sake faɗa! Sai ka zage ni, ka mare ni!"

"In sake faɗa ka ji? Yaushe ka taɓa ji? A gida ni wane ne, Arzika? Ɗan Delu mai yi wa Arzika wadari. In mun koma, kai za a yi wa kirari, ni ina sama kamar biri ina jan igiya. Nan an san sunana." Ya ajiye man da ke hannunsa. "Na san jirgi za a sa ka, ba abin da zai same ka. Ban nufe ka da mutuwa ba."

Na ce, "Ka bar ni na durƙusa maka. Ka ce mini ƙaddara ce."

A nan ne ya kasa dubana. Can ya ce a hankali, "Za ka faɗa?"

Na juya na sauko. Kuma kada ku ɗauka ni waliyyi ne. Kwana biyu ina jin daɗin tunanin ganinsa a bakin rairayin nan, ba gwado, ba mai danne masa. Amma duk sanda na kai shi har ƙirji a cikin tunanina, sai in ga Inna a bakin ƙofa. Ta ce in kawo mata biyu, na kasa. In kuma kashe mata ɗaya da bakina, wannan ban iya ba.

Na koma wurin Uwa Tabita. Ta ce, "Me ka ji a hannunka?"

Na ce, "Kaki ne kawai, Uwa. Ni na yi kuskure."

Ta kai hannu ta shafa fuskata. Sannan ta ce in kama ta, tsohuwar nan da ƙyar take tafiya ta hau mazaunin sama da kanta. Kwana shida tana jan igiya da muryarta mai karkarwa, ina jefa ƙoshiya, muka saƙa tunkiya ɗaya a ƙyalle daidai tafin hannu biyu. Ta yanke ta ba ni ta ce, "Ga wadda ta ɓace. Yanzu ka san abin da ya fitar da makiyayin daga garke." Ranar da aka ɗaure mini ido, ina jin muryar Jatau daga taga yana rera waƙa, sabon abokinsa yana amsawa.

Shekara guda na yi a hanya kafin in ga tsamiyar garinmu. Babana ya riga ya rasu. Inna na zaune a bakin ƙofar nan dai, ta tsufa, tana kaɗi. Ta dube ni, ta leƙa bayana, ta daɗe tana leƙawa. Ni kuwa na tsaya, na tuna abin da na ce game da ruwa. Ta tashi ta ɗebo ta miƙo mini, ta tsaya a kaina sai da na shanye.

"Ina ɗan'uwanka?"

Na ce, "Yana lafiya, Inna. Ya zama babban mutum, Sarkin Igiya ake ce masa. Da tare za mu dawo, ni na yi kuskuren ƙirga aka riƙe shi. Ga wannan, shi ya ce in kawo miki."

Ta karɓi ƙyallen ta shafa tunkiyar, ta kai ta kumatunta. Hawaye na zuba ta yi dariya ta ce, "Kai da ma tun kana yaro ba ka iya ƙirga ba. Kullum Jatau ke gyara maka. Allah sarki ɗana, yana can yana kewar gida saboda sakacinka." Na ce haka ne, Inna.

Sai ta ga bakin ƙyallen ya fara zarewa, ta ce bari ta kalmashe shi kada tunkiyar Jatau ta lalace. Ta ɗauko allura, zaren ya yi ta tsefewa ya ƙi shiga. Ta ce, "Ba ka da ɗan kaki a jakar nan taka?"

Ina da shi. Guda ɗaya ne, na ratso teku da shi a ƙulle a bakin wandona, kuma duk duniya shi kaɗai ne shaidata. Na kwance na ba ta. Ina zaune ina kallo ta ja zare a kansa, ta sake ja, ta sake, har ɗan tudun nan ya shafe. Ta yi ɗinkinta tana yi wa Jatau addu'a, ina cewa amin.

Shekara goma sha tara ta yi bayan haka, kullum ƙyallen yana ƙarƙashin matashinta, kullum in baƙo ya zo sai ta nuna masa aikin ɗanta, ta kuma ba shi labarin wautata. Masaƙar nan na gina ta ne a shekarar da na dawo, ina cewa ko zan tuno rabin waƙar da ba a koya mini ba. Ban tuno ba, amshi kawai na iya, kuma amshi ba ya buɗe zare. In kuna so ku ji ko na yafe masa, ban yafe ba. Amma kowace shekara in damina ta wuce, ni da kaina nake hawa in kori kajin, in share mazaunin, in shafa wa igiyoyin mai.

Iyakar abin da na gani ke nan, Allah kuwa ya ga abin da ya fi haka. Ku tashi ku ba ni wuri, rana ta yi, ina da gwadon mutane a kan masaƙa.